Yadda Ake Kafa Rumbun Ajiyar Bayanai na NAS a Ƙaramin Ofis

A wani situdiyon ɗaukar hoto da bidiyo da ke Tudun Wada na taɓa ganin durowa cike da ƙananan faya-fayan ajiya, irin waɗanda ake jonawa da kwamfuta ta USB. Kowanne an manna masa salatif an rubuta da biro: "bikin Disamba", "walimar sauka", "suna, Malali". Goma sha ɗaya na ƙirga. Mai wurin ya zaro ɗaya ya miƙo mini ya ce, "Injiniya, wannan ne ya faɗo daga tebur jiya. Da na jona shi sai ya riƙa ƙas-ƙas kamar agogo. Kuma bikin 'yar wani Alhaji ne a ciki, ranar Asabar za su aiko a karɓa." Na kara shi a kunne, na ji ƙarar da kaina, na ce, "Maigida, wannan ya fi ƙarfina." Bayan mako biyu muka kafa masa NAS.

NAS akwati ne mai ramuka biyu, ko huɗu, ko fiye, da ake zura faya-fayan ajiya a ciki, waɗanda 'yan kasuwa ke kira had-dis. Ba a jona shi da kwamfuta ɗaya. Ana jona shi da netwok ɗin ofis, sai kowa ya riƙa zuba aikinsa yana ɗiba daga wuri guda, kamar rumbun gandu. Zan yi misali da na kamfanin Synology domin shi na fi kafawa, amma na QNAP da manhajar TrueNAS ma kusan hanya ɗaya suke bi.

Littafin da ke zuwa cikin kwalin na'urar yana farawa ne da zura faifai. Waɗanda suka rubuta shi ba su san ana ɗauke wuta sau biyar a wuni ba. Mu a Kaduna daga soket za mu fara.

Wuta tukuna

Faifai yana juyi ne sau dubbai a minti ɗaya, kuma NAS yakan riƙe wani ɓangare na abin da kake ajiyewa a ƙwaƙwalwarsa ta wucin gadi kafin ya rubuta shi. In wuta ta yanke a wannan tsakanin, abin da bai kai ga faifai ba ya tafi, wani lokacin ma tsarin ajiyar gaba ɗaya yakan rikice. Sau ɗaya ko biyu na'urar za ta iya gyara kanta. Kullum-kullum kuwa, wata rana za a wayi gari ta ƙi tashi.

Saboda haka UPS, wato akwatin batir da ke riƙe na'ura na ɗan lokaci in wuta ta yanke, dole ne. Kuma ba kowane UPS ba: sai mai ramin USB a bayansa, wanda zai iya sanar da NAS cewa wuta ta tafi, batir ake ci. Yawancin masu araha da ke kasuwa ba su da wannan ramin, ƙara kawai suke yi har batir ya ƙare su mutu tare da na'urar. Kafin ka biya, juya shi ka duba baya, sannan ka nemi lambarsa a jerin kayan da suka dace a shafin kamfanin NAS ɗin. Na APC da yawa suna ciki.

Wani zai ce ai ofishinsa na da sola da inbata. Madalla, amma inbata ba ta magana da NAS. Ranar da hadari ya rufe gari a watan Agusta batir ya zube cikin dare, ba wanda zai gaya wa na'urar ta tattara kayanta. Sa ƙaramin UPS tsakaninsu. NAS mai ramuka huɗu ba ya cin wuta sosai, kusan wat 30 zuwa 40 ne yana cikin aiki, don haka ba sai ka sayi ƙato ba. Jona rauta da suwic ɗin netwok, wato akwatin da ke haɗa wayoyin na'urorin ofis, a kan UPS ɗin su ma. Firintar lesa da tukunyar shayi kuwa, kada su kusance shi.

In ƙaramin janareta kuke tayarwa, gwada UPS ɗin a kansa tun kafin komai. Wasu ba sa karɓar wutar ƙaramin janareta domin tana hawa tana sauka, sai ka ji suna ta ƙyas-ƙyas suna komawa kan batir alhali janareta na ruri a waje. Sannan ka sa mai gyaran wuta ya tabbatar soket ɗin na da wayar ƙasa ta gaskiya, ba rami uku na ado ba. Da damina tsawa takan shigo ta kebul ɗin netwok da aka ja a sarari daga wannan gini zuwa wancan. In dole ne a haɗa gine-gine biyu, a yi da faiba, wato kebul ɗin gilashi mai aiki da haske, ko da rediyo, kada a shanya kebul ɗin tagulla a sama kamar igiyar shanya.

Nawa za ka saya, kuma wane iri

Zauna da biro ka yi lissafi. A ce kowane aiki na cin gigabait 150, kuma kana yin huɗu a wata. Gigabait 600 ke nan a wata, sama da terabait 7 a shekara. Ƙara abin da ke hannunka yanzu, ka ninka na shekarun da kake son na'urar ta ɗauke ka, sannan ka bar kashi 20 cikin ɗari fanko, domin rumbun da ya cika maƙil yakan yi nauyin aiki. Ofishin lauya ko makaranta da takardu ne kawai aikinsu ba za su kai ko kusa da wannan ba, akwati mai rami biyu ya ishe su. Mai bidiyo ya nemi mai huɗu.

Kada ka yi zaton an cuce ka in faifan da aka rubuta wa terabait 4 ya nuna 3.6 a allo. Masu ƙera shi da 1000 suke ƙirge, kwamfuta kuma da 1024.

Faifan da aka yi domin NAS shi ne wanda zai jure juyi dare da rana da girgizar maƙwabtansa: Seagate IronWolf, WD Red Plus, Toshiba N300. Akwai wani bambanci da ba a rubutawa da manyan baƙaƙe a kwali, wato CMR da SMR. Faifan SMR yana ɗora layukan rubutu a kan juna kamar jerin kwanon rufi, in zai gyara layi ɗaya sai ya sake rubuta na kusa da shi. A kwamfutar gida ba ka ganewa. A cikin NAS, musamman ranar da ake sake gina ajiya bayan wani faifai ya mutu, sai ya yi ta jan ƙafa. A 2020 aka gano wasu faya-fayan WD Red irin SMR ne, aka yi ta ce-ce-ku-ce, daga baya kamfanin ya ware masu CMR ya sa musu suna Red Plus. Ka nemi CMR, wanda layukansa ba sa hawa kan juna, ka duba lambar faifan da kanka.

Sai maganar kwance. Kasuwa cike take da faya-fayan da aka cire daga sabobi, wato manyan kwamfutocin kamfanoni, a ƙasashen waje, aka goge, aka sa a sabuwar leda. Araha ba ta ado. In za ka saya a shago, tafi da laftof da ƴar na'urar jona faifai, ka buɗe manhajar CrystalDiskInfo a gaban mai shagon. Duba awannin da faifan ya yi yana aiki: shekara ɗaya awa 8,760 ce, don haka wanda ya nuna 30,000 ya haura shekara uku yana juyi. Duba kuma layin da ke ƙirga gurbatattun wuraren da faifan ya sauya, ya kamata ya zama sifili. Da yake ana iya goge waɗannan lambobin, ka shigar da lambar jikin faifan a shafin garanti na kamfanin ka ga abin da zai ce. Ni nakan raba sayen gida biyu, biyu a wannan dila biyu a wancan, domin faya-fayan da aka ƙera rana ɗaya suka yi aiki iri ɗaya sukan tsufa tare.

Zaɓen RAID

Nan ne ya kamata ka daɗe kana tunani, domin sauya ra'ayi daga baya yakan zama sai an kwashe komai an sake zubawa.

RAID hanya ce ta haɗa faya-fayai su zama rumbu ɗaya. RAID 0 yana yayyanka fayil ya rarraba ba tare da wata kariya ba, faifai ɗaya ya mutu duka sun tafi. Manta da shi. RAID 1 faifai biyu ne, abin da aka rubuta a wannan shi ake rubutawa a wancan. Ka sayi terabait 4 guda biyu, ka mori 4. Ga akwati mai rami biyu, shi ne kawai abin yi.

RAID 5 yana buƙatar aƙalla faifai uku, kuma dabararsa irin ta ɗan kasuwa ce. A ce yara uku sun kawo ciniki, na farko buhu 3, na biyu buhu 5, na uku buhu 2, ka rubuta jimla 10 a littafi. In takardar na biyu ta ɓace, ba ka rasa komai ba: cire 3 da 2 daga 10, ka san 5 ne. Haka na'urar ke yi, tana ajiye wani lissafi da za ta gano abin da ya ɓace da shi. Amma in takarda biyu suka ɓace, jimla ɗaya ba za ta fitar da kai ba. RAID 6 jimla iri biyu yake ajiyewa, yana jure mutuwar faifai biyu, kuma yana son aƙalla huɗu. A faya-fayai huɗu masu terabait 4, RAID 5 zai ba ka 12, RAID 6 zai ba ka 8.

Synology na da nasa salon mai suna SHR, wanda a ƙarƙashinsa waɗannan dabarun ne dai, sai dai yana barin ka haɗa faya-fayan da girmansu ya bambanta, ka kuma ƙara manya a hankali. SHR na jure mutuwar ɗaya, SHR-2 na jure biyu. Ga wanda zai fara da faifai biyu ya ƙara in kuɗi sun samu, shi nake zaɓa.

Ra'ayina shi ne: in faya-fayanka manya ne, terabait 8 zuwa sama, ko kuma samun sabon faifai zai ɗauke ka mako biyu kafin ya iso daga Legas, ɗauki mai jure biyu. Lokacin da faifai ɗaya ya mutu ake sake gini, sauran suna aiki tuƙuru na awanni masu yawa, wani lokacin fiye da kwana guda, kuma a daidai nan ne na biyu ya fi son sarewa.

Abu ɗaya ka riƙe: RAID yana kare ka daga mutuwar faifai ne kaɗai. In yaron shago ya goge folda, nan take za ta goge a duka faya-fayan. In ɓarawo ya ɗauke akwatin, ya ɗauke duka. Za mu dawo kan wannan.

Wurin zama da haɗa kaya

Nemo wuri mai iska, sama da ƙasa, nesa da taga. Irin waɗannan akwatunan an yi su ne su yi aiki a ɗakin da zafinsa bai wuce digiri 40 ba, kuma duk wanda ya san Kaduna a watan Maris da Afrilu ya san ɗaki mai rufin kwano a rufe yakan kusanci haka. Kada ka kulle shi a kabad marar huda don tsoron ɓarayi, in dole ne a huda kabad ɗin a sa masa ƙaramar fanka. Da hunturu kuma ƙura ce abokiyar gaba. Na taɓa buɗe wani a watan Fabrairu na tarar fankarsa ta yi jan gashi kamar an shafa mata garin bulo. Tun daga lokacin nake ce wa masu ofis su kashe shi sau ɗaya a wata a lokacin hunturu, su fitar da shi, su hure ƙurar.

Zura faya-fayan ba wuya. Zaro tire, ɗora faifai, maƙala ƴan robobin gefe ko ɗaure sukurori, mayar har ka ji ya zauna. Kafin ka mayar, rubuta lambar jikin kowane faifai da ramin da ya shiga a takarda. Za ka gode wa kanka wata rana.

Jona kebul ɗin netwok daga NAS zuwa suwic mai gudun gigabit, suwic ɗin kuma zuwa rauta. Ƙaramar MiFi ta aljihu ba ta da ramin kebul, ba za ta yi wannan aikin ba. Yi amfani da Cat6 ko Cat5e na tagulla zalla, tsawonsa kada ya wuce mita 100. Akwai na alminiyon da aka shafa wa tagulla, ya fi araha, yana karyewa a baki. Jona wayar USB daga UPS zuwa NAS, sannan ka kunna.

Ɗora manhaja da ba shi adireshi

Daga kwamfutar da ke kan netwok ɗin, buɗe burauza ka rubuta find.synology.com, zai nemo maka akwatin. In bai gani ba, manhajar Synology Assistant za ta gani. Na QNAP kuma Qfinder Pro. Zai nemi ya ɗora manhajar gudanarwarsa mai suna DSM, kuma zai gargaɗe ka cewa duk abin da ke cikin faya-fayan zai goge. Da gaske yake. Kada ka zura tsohon faifai mai aikinka a ciki da nufin "a haɗa da shi".

In intanet ɗin ofis na tsinkewa, sauko da fayil ɗin DSM na lambar akwatinka tun a inda netwok ke da ƙarfi, mai ƙarewa da .pat, ka nuna masa shi da hannu. Minti goma ko makamancin haka zai gama ya sake tashi.

Zai nemi sunan na'ura da asusun shugaba. Kada ka kira asusun "admin", shi ne sunan farko da masu kutse ke gwadawa, kuma DSM 7 da kansa yana rufe wannan tsohon asusun. Kalmar sirri ta zama doguwa, ba sunan shago da shekarar buɗe shi ba. Daga nan ka shiga Control Panel ka daidaita agogo zuwa lokacin Afirka ta Yamma, awa ɗaya gaba da GMT, ka bar shi ya riƙa saita kansa ta intanet. In agogo ya karkace, lambobin tabbatar da shiga na waya ba za su yi aiki ba.

Yanzu adireshi. Rauta takan raba wa na'urori lambar IP yadda ta ga dama, yau 192.168.1.23, gobe bayan an ɗauke wuta an dawo 192.168.1.31, sai kwamfutoci su nemi rumbu su rasa. Shiga saitin rauta, nemi inda ake keɓe adireshi a sashen DHCP, ka ɗaure lamba ɗaya, misali 192.168.1.10, da lambar MAC, wato lambar shaidar da NAS ɗin ya zo da ita daga kamfani. In rautarka ba ta da wannan, sa lambar da hannu a cikin DSM, amma ka zaɓi wadda ke wajen jerin da rauta ke rabawa. Daga yau, rubuta lambar a burauza da https:// a farkonta da :5001 a ƙarshenta zai kai ka shafin shiga.

Gina rumbun

Buɗe Storage Manager. Zai fara da haɗa faya-fayan su zama tafki ɗaya, a nan za ka zaɓi RAID ɗin da ka yanke shawara a kai. In ya tambaya ko a binciki faya-fayan, ce masa e, ko da sababbi ne. Sannan a yanka sashen ajiya a cikin tafkin, a zaɓi tsarin fayil. In akwatinka na karɓar Btrfs, ɗauke shi a kan ext4, domin shi ne ke iya ɗaukar hoton halin da folda take ciki a wani lokaci, kuma yana iya gano fayil ɗin da ya ruɓe a ɓoye. Ba a sauya wannan zaɓin sai an rushe sashen.

Bayan nan na'urar za ta shiga daidaita faya-fayan, aikin da kan ci wuni ko fiye. Ana iya amfani da ita a haka, amma ni nakan ƙyale ta ta gama. Fara wannan matakin ranar da ka san akwai man janareta.

Foldodi da mutane

Kada ka yi babbar folda ɗaya ka ce kowa ya zuba. Raba bisa aiki: Ayyuka, Kuɗi, Tsofaffin Ayyuka, Na Kowa. Wajen ƙirƙirar kowace, kunna kwandon shara ka taƙaita shi ga shugaba kaɗai, sannan ka sa alama a zaɓin binciken lafiyar bayanai, wanda a lokacin ƙirƙira kawai ake iya kunna shi.

Kowane ma'aikaci ya sami asusunsa da kalmar sirrinsa. Na san al'adarmu, kalmar sirri ɗaya a manne a jikin allo kowa na amfani da ita. Ranar da wani abu ya ɓace ba za ka san wa ya taɓa ba, ranar da wani ya bar aiki kuma sai an sauya wa kowa. Haɗa mutane rukuni-rukuni, ka ba rukuni izini maimakon bin mutum ɗaya-ɗaya: masu tace bidiyo su karanta su rubuta a Ayyuka, su karanta kawai a Tsofaffin Ayyuka, kada ma su ga Kuɗi. A DSM, in izini biyu suka ci karo, hani ne ke rinjaye, don haka in wani ya ce an hana shi shiga, duba ko yana cikin wani rukunin da aka rufe wa ƙofa. Kai kanka maigida, yi wa kanka asusun yau da kullum marar iko, ka ajiye na shugaba sai ranar gyara, ka kuma kunna masa tabbatarwa ta waya. Makarantu da asibitoci su tuna cewa tun 2023 Najeriya na da dokar kare bayanan mutane, wanda ya tara bayanan ɗalibai ko majinyata shi ke da alhakin wanda ya gan su.

A sashen File Services kunna SMB, wato hanyar da kwamfutoci ke buɗe foldodin NAS ta netwok, ka sa mafi ƙarancinsa SMB2. Tsohon SMB1 shi ne ƙofar da cutar kwamfuta mai suna WannaCry ta bi a 2017. Wasu tsofaffin injinan fotokwafi ba sa iya tura sikan sai da shi, gara ka nema wa injin wata hanya da ka buɗe wa ofis duka wannan ƙofar. Kunna Auto Block kuma, ya riƙa toshe duk wanda ya yi ta kuskuren kalmar sirri.

A Windows, buɗe File Explorer, danna This PC da dama, zaɓi Map network drive, rubuta \\192.168.1.10\Ayyuka, sa suna da kalmar sirrin mai kwamfutar. A Mac, Finder ne, Connect to Server, sai smb://192.168.1.10. Kwafi babban fayil ɗaya ka kalli gudunsa. A gigabit ya kamata ka ga kusan megabait 110 a daƙiƙa, wato terabait ɗaya cikin awa biyu da rabi. In ka ga ya tsaya a 11, wani wuri a hanya ya faɗo zuwa megabit 100 (megabit takwas ne ke yin megabait ɗaya). Sau da yawa bakin kebul ne ba a matse da kyau ba: gigabit na buƙatar duka wayoyi takwas, ɗaya ta kuskure sai ya sauko shiru ba tare da ya gaya maka ba.

Gwajin ɗauke wuta

Koma Control Panel, sashen Hardware & Power, ka kunna tallafin UPS. Sa masa ya jira kamar minti biyar bayan wuta ta tafi, lokacin da zai ishi a tayar da janareta, in ba ta dawo ba ya rufe ayyukansa ya kwanta. A sashen dai akwai zaɓin ya tashi da kansa in wuta ta dawo, kunna shi.

Sannan ka gwada da hannunka, tun rumbun na fanko. Zare filogin UPS daga bango, ka tsaya da agogo. Ya sanar? Ya kwanta a kan lokaci? Mayar, ka ga ko ya tashi. Ba a fafe gora ranar tafiya. Batirin UPS yakan gaji cikin shekara biyu ko uku, a zafinmu ma kafin haka, don haka maimaita gwajin lokaci-lokaci.

Kwafi na biyu

Ɗora manhajar Snapshot Replication, ka sa ta riƙa ɗaukar hoton foldodin aiki kullum, ko kowace awa ga waɗanda ake taɓawa sosai, ta ajiye na makonni. Ba ya cin wuri sai gwargwadon abin da ya sauya. In an goge fayil ko cutar kulle fayiloli ta shigo ta kwamfutar wani, sai a koma hoton jiya. Amma hoton a cikin akwatin yake zaune, gobara ko ɓarawo ba su bar shi ba.

Ƙa'idar da masu wannan sana'a ke bi ita ce 3-2-1: kwafi uku, a kan na'ura iri biyu, ɗaya a wani wuri daban. A aikace, sayi faifan USB guda biyu manya. Da Hyper Backup ka tsara kwafi zuwa gare su, ka sa musu kulle na sirri, ka adana mabuɗin a inda ba cikin NAS ɗin ba. Ɗaya na jone a ofis, ɗaya na gida, duk Juma'a kafin a tafi masallaci a musanya. In ofis na kan titin Ahmadu Bello gida kuma na Barnawa, kogin Kaduna ma na tsakanin kwafin biyu.

Ajiya a intanet na da kyau, amma yi lissafi kafin ka ɗauki alkawari. A gudun turawa na megabit 10, terabait ɗaya zai ci sama da kwana tara ba tsayawa, ban da kuɗin data. Tura takardun kuɗi da abin da ba a iya sake samu, ka bar wa faifan USB manyan bidiyo. Kuma duk wata uku ka zaɓi fayil ɗaya daga kwafin, ka dawo da shi, ka buɗe ka gani da idonka.

Game da shiga daga waje: kada ka buɗe wa NAS ƙofa a rauta, kuma ka kashe UPnP, tsarin da ke barin na'urori su buɗe ƙofar da kansu. A 2014 cutar SynoLocker ta kulle akwatunan Synology da ke buɗe ga intanet, a farkon 2022 DeadBolt ta yi wa na QNAP haka, ana neman fansa da Bitcoin. Ga masu layin MTN, Airtel ko Starlink na gida, buɗe ƙofar ma yawanci ba ya aiki, domin adireshin waje ɗaya ake raba wa mutane da yawa. Manhajar Tailscale ko QuickConnect na Synology za su kai ka ciki ba tare da wannan kasadar ba. Bar sabunta manhaja na tsaro a kunne.

Saura tsare-tsaren duba lafiya. Sa imel ɗinka a sashen sanarwa ka aika saƙon gwaji. Tsara gajeren gwajin lafiyar faifai na SMART duk wata, dogon kuma duk wata shida, da tsefe bayanai na Data Scrubbing duk wata uku, a ranakun da wuta ta fi zama.

Ranar da ya fara kuka

Wata rana zai yi. Za ka ji ƙara, fitilar rami ɗaya ta sauya launi, allo ya ce tafkin ya raunana. Bayananka na nan. A situdiyon nan na Tudun Wada, yaron da ke tace bidiyo ne ya kira ni: "Oga, akwatin nan na ta tsuwa, in zare na farkon in hura in mayar?" Na ce masa ya cire hannunsa ya sa a aljihu har in zo. Na uku ne ya mutu. Da ya zare na farko, da an rasa biyu a tsarin da ke jure ɗaya.

Fara tabbatar da kwafin USB na kwanan nan ne. Buɗe Storage Manager ka ga lambar ramin da lambar jikin faifan da ya mutu, ka gwada da takardar da ka rubuta ranar farko. Zare shi shi kaɗai. In akwatinka ba ya karɓar sauyi yana kunne, kashe shi tukuna. Zura sabo mai girma ɗaya ko wanda ya fi, danna Repair, ka rage wa na'urar aiki, ka tanadi wuta har ta kai ɗari bisa ɗari. Tsohon faifan kuma kada ya tafi hannun ƴan gwangwan da bayanan mutane a ciki: in garantinsa ya ƙare, huda shi da dirin wuri uku kafin ka jefar.